Waiwaye: Dan Burn da doguwar hanyar 'yan bayan Ingila masu yawon ƙungiyoyi

A ranar 9 ga Fabrairu, 2014, Manchester United ta David Moyes ta karɓi baƙuncin Fulham a Old Trafford, a lokacin da Fulham take can ƙasan teburin Firimiya. United ta yi ta antayo ƙwallo daga gefe zuwa gaban raga har sau 81, adadin da har yau ake ba'a da shi, amma aka tashi 2-2 bayan Darren Bent ya farke ana dab da hura tashi. Wanda ya sha yawancin ƙwallayen nan da ka wani zabgegen yaro ne ɗan shekara 21, mai tsawon mita 2 da ɗoriya, sunansa Dan Burn. Da aka tambaye shi bayan wasa, sai ya ce rabonsa da sa wa ƙwallo kai haka tun yana buga gasar Conference. 'Yan jarida suka ɗauki maganar a matsayin gatse ga Moyes. Shi kuwa yaron tarihinsa yake faɗa, domin shekara uku kafin wannan rana a rukuni na biyar yake taka leda.

Masu kallon Firimiya ƙungiya 20 kawai suke gani. Amma a ƙarƙashinta akwai Championship da League One da League Two, kowace da ƙungiya 24, jimilla 92 ke nan har da na Firimiya, sannan ga National League, wadda a da ake kira Conference, inda yawancin ƙungiyoyi su ma albashi suke biya cikakke. A cikin waɗannan rukunai ne akasarin ƙwararrun 'yan ƙwallon Ingila suke cin abincinsu. Kwantiragin shekara ɗaya ko biyu, in ya ƙare a tattara iyali a koma wani gari. Mutum ya yi shekara goma sha biyar yana wasa, ya sa rigar ƙungiya bakwai ko takwas, ba a taɓa haska fuskarsa a gidan kallo ba.

Wannan yawo ba tun asali ake yinsa ba. Daga 1893 dokar gasar Ingila ta ba ƙungiya ikon riƙe rajistar ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare. In ta ƙi sakinsa, ba shi da damar bugawa wata ƙungiya a gasar, ko tana biyansa ko ba ta biya. A 1901 aka ƙara da ƙayyade albashi, fam 4 a mako, kuma har zuwa 1960 bai wuce fam 20 ba. Saboda haka in ka ga ɗan wasan wancan zamani ya shekara goma sha biyar a ƙungiya ɗaya, kada ka yi saurin cewa amana ce, sau da yawa hanyar fita ce babu. A watan Janairun 1961 ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill, wanda shi ma ɗan Fulham ne, ta yi barazanar yajin aiki, aka soke ƙayyade albashin, nan da nan Fulham ta mayar da Johnny Haynes mai karɓar fam 100 a mako.

Sauran ɗaurin kuwa a Newcastle aka kwance shi. Ɗan wasanta George Eastham ya nemi tafiya, ƙungiyar ta hana, sai ya ajiye takalmi a 1960 ya tafi kudancin ƙasar ya kama wata sana'a. Daga baya Newcastle ta haƙura ta sayar da shi ga Arsenal, amma bai janye ƙarar da ya shigar ba, kuma a 1963 Mai Shari'a Wilberforce na babbar kotu ya yanke cewa riƙe ɗan wasa haka tauye masa neman abinci ne. A 1978 aka ba wanda kwantiraginsa ya ƙare damar zaɓen inda zai koma, sai dai a biya tsohuwar ƙungiyarsa kuɗi. Hukuncin da Kotun Turai ta yanke kan ƙarar ɗan wasan Beljiyam Jean-Marc Bosman a ranar 15 ga Disamba, 1995 ya share hanyar kawar da wannan kuɗin ma. Ana yawan ba da labarin Bosman ta fuskar manyan taurari da suka yi arziki da shi. A ƙananan rukunai akasin haka ya fi yawa: tunda ƙungiya ba ta da abin da za ta samu daga ɗan wasan da ya manyanta, sai ta rage tsawon kwantiragi, kowane watan Mayu a fitar da sunayen waɗanda aka sallama.

Akwai wani canji da ba a cika ambata ba, kuma ni a ganina shi ne ya fi shafar irin su Burn. Kafin 1987, ƙungiyar da ke wajen rukunai huɗu ba ta hawa da ƙarfin wasanta, sai dai a kaɗa mata ƙuri'a, kuma masu ƙuri'ar sukan ceci 'yan'uwansu ne. Wigan Athletic ta sha neman shiga kafin a karɓe ta a 1978 a gurbin Southport. Daga 1987 aka buɗe ƙofa, Scarborough ta hau, Lincoln City ta sauka. Tun daga nan rukuni na biyar ya zama wurin da masu farautar 'yan wasa suke leƙawa da gaske, Yeovil Town ma ta wannan ƙofa ta shigo a 2003.

Abin ya fi kama 'yan baya fiye da kowa. Ɗan gaba mai shekara 18 in yana da gudu da ƙafa, a sa shi minti ashirin ya nuna kansa, in ya ɓarar da ƙwallo ba a mutu ba. Ɗan baya na tsakiya kuwa aikinsa karanta wasa ne, sanin inda ƙwallo za ta faɗo da lokacin da za a tari mutum da lokacin da za a ja baya, kuma wannan sai da kuskure ake koyonsa. Kocin babbar ƙungiya ba zai yarda a koyi aiki da kujerarsa ba. Shi ya sa har Rio Ferdinand sai da ya je aro Bournemouth a 1996, John Terry ya je Nottingham Forest a 2000. Waɗannan sun dawo gida, West Ham da Chelsea, sun zama sarakuna. Wasu kuma daga ƙasa suka faro: Chris Smalling daga Maidstone United ya je Fulham a 2008, Tyrone Mings daga Chippenham Town ya je Ipswich a 2012. Chris Powell ya bi ta Crystal Palace da Southend da Derby kafin Charlton, kuma sai da ya kai shekara 31 Sven-Göran Eriksson ya fara sa shi a tawagar Ingila, a wasa da Sifaniya a Fabrairun 2001.

An haifi Burn a ranar 9 ga Mayu, 1992 a Blyth, wani gari na bakin teku a arewacin Newcastle da ya taso da haƙar kwal da ƙera jiragen ruwa. Newcastle yake goyon baya tun yana ƙarami, kuma ita ce ta sallame shi daga cibiyar horar da yaranta yana ɗan shekara 11. Yana 13 zobensa ya maƙale a shinge garin tsallakewa, ya rasa yatsa ɗaya a hannun dama. Ya ci gaba da buga wa ƙananan ƙungiyoyin unguwa, yana tura keken kaya a kantin Asda, har Darlington ta ɗauke shi cikin matasanta a 2009.

Darlington a lokacin tana cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Wani tsohon mai ita, George Reynolds, ya gina mata filin wasa mai cin mutum 25,000 a 2003, alhali 'yan kallonta ba su wuce 'yan dubbai ba, bashi kuma ya yi mata katutu. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin sayen manya dole ta sa yara, don haka Burn ya fara buga wasan League Two a ƙarshen 2009 yana ɗan shekara 17. Suka ƙare a ƙarshen tebur, suka faɗa Conference. Da a makarantar Newcastle ya ci gaba da zama, da wuya a ce a wannan shekaru ya riga ya fara kokawa da ƙattin 'yan gaba masu neman kuɗin cefane. Fulham ta gan shi a can, ta saye shi a 2011.

A Satumbar 2012 aka ba da shi aro ga Yeovil ta Gary Johnson, ya ƙare kakar a can. A ranar 19 ga Mayu, 2013 a Wembley, a wasan ƙarshe na neman hawa daga League One, Paddy Madden ya ci Brentford ta farko, Burn ya sa kai ya ci ta biyu, aka tashi 2-1. Yeovil ta hau Championship karo na farko a tarihinta. Daga nan aro Birmingham City, sai Fulham ta kira shi a Janairun 2014 tana neman tsira. Koci uku ta yi a wannan kaka, Martin Jol da René Meulensteen da Felix Magath. A ranar da ta faɗi, Stoke ta ci ta 4-1, Magath ya ajiye Burn a gefen dama na baya, mutum mai ƙafar hagu kuma mai wannan tsawo, aka yi ta wuce shi. Ya ƙara kaka biyu a Championship, a 2016 Fulham ta ce ba ta da buƙatarsa.

A nan ne yawancin irin wannan labari yake gangarawa. Shekara 24, babu kwantiragi, kuma ƙungiyar da ta ɗauke shi kyauta, Wigan, ta faɗa League One a kakarsa ta farko, duk da shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasanta. Bai gudu ba. A kakar 2017/18 ƙarƙashin Paul Cook suka lashe League One, suka kuma fitar da Manchester City ta Pep Guardiola daga Kofin FA da ƙwallon Will Grigg, a shekarar da City ta tara maki 100 a Firimiya. Brighton ta saye shi a Agustan 2018, ta bar shi aro a Wigan zuwa Janairu. Kocin Brighton Graham Potter ne ya mayar da shi gefen hagu, abin da mutane suka yi wa dariya da farko, kuma ƙwallonsa ta farko a Brighton ita ce ta doke City 3-2 a Mayun 2021.

Asusun zuba jari na Saudiyya ya jagoranci sayen Newcastle a Oktoban 2021, aka yi ta zancen manyan taurarin da za a kwaso. Amma ƙungiyar tana cikin masu faɗuwa, kuma kocinta Eddie Howe, wanda shi ma tsohon ɗan bayan Bournemouth ne da ya san ƙananan rukunai ciki da bai, ya nemi waɗanda suka saba da wahala. A ranar ƙarshe ta kasuwar Janairun 2022 aka biya kusan fam miliyan 13 aka dawo da yaron da aka kora yana 11. Suka ƙare na 11 a wannan kaka, a ta gaba suka zo na huɗu, ƙwallo 33 kacal aka zura musu, daidai da City. Ya ci Paris Saint-Germain da ka a wasan 4-1 na Oktoban 2023. Sai ranar 16 ga Maris, 2025, a wasan ƙarshe na Kofin League, Kieran Trippier ya bugo kwana, Burn ya sa kai tun daga nesa ya ci Liverpool, Alexander Isak ya ƙara, aka tashi 2-1. Rabon Newcastle da babban kofin cikin gida tun 1955. Kwana biyar bayan haka Thomas Tuchel ya sa shi a wasan Ingila da Albaniya, wasansa na farko, yana da shekara 32.

Ana son a ba da labarin nan a matsayin na mai haƙuri da ya dafa dutse, kuma haƙurin ya yi. Amma haƙuri ba ya hawa sama sai da tsani, kuma in ka duba matakalan da ya taka, kusan kowace ta karye bayan wucewarsa. Darlington ta durƙushe a 2012, aka jefa ta rukuni na tara, magoya baya suka sake gina ta daga tushe. Yeovil kaka ɗaya ta yi a Championship, ta fice daga rukunai huɗu a 2019, ta gangara rukuni na shida a 2023 kafin ta farfaɗo ta koma na biyar. Wigan ta faɗa hannun masu kula da bashi a Yulin 2020, aka zaftare mata maki 12, ta faɗi. Birmingham an cire mata maki 9 a 2019, ta sauka League One a 2024. Bury ma, wadda ta taɓa cin Kofin FA sau biyu, korarta aka yi daga gasar gaba ɗaya a Agustan 2019.

Dokokin su ma sun juya. Tsarin horar da matasa da aka fara a 2012 ya ƙayyade kuɗin diyyar da babbar ƙungiya za ta biya in ta ɗauke yaro daga ƙarama, har wasu suka ga ba riba suka rufe makarantunsu, Wycombe a 2012, Brentford a 2016, ko da yake ita ta sake buɗewa daga baya. A 2016 aka soke aron gaggawa, wanda a da yake ba ƙaramar ƙungiya damar ɗaukar ɗan wasa bayan an rufe kasuwa, irin lokacin da Burn ya isa Yeovil. Daga kakar 2024/25 kuma aka daina maimaita wasan Kofin FA in an yi canjaras, tun daga zagaye na farko, alhali kuɗin ƙofa na wasa ɗaya irin wannan a gidan babbar ƙungiya yakan riƙe ƙarama tsawon lokaci. Manyan sun ce wasanni sun yi musu yawa, ƙananan suka ce ba a ko tuntuɓe su ba.

A Yulin 2025 majalisar Birtaniya ta kammala dokar kafa hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido kan ƙungiyoyi 116 na rukunai biyar na sama, ta binciki masu saye da asusunsu, kuma tana da ikon shiga tsakani in Firimiya da ƙananan rukunai suka kasa daidaitawa kan rabon kuɗin talabijin. Wannan taƙaddamar rabon kuɗi an shekara ana jan ta tsakanin ɓangarorin biyu, kuma har aka sa hannu a dokar ba su cimma matsaya ba.