Me ake nufi da haɗa virtual da template, kuma me ya sa C++ ta hana?

Wani ƙanena da ke koyon rubuta manhaja a unguwar Yaba ta Legas ya turo min hoton kwamfutarsa da daddare: "Yaya, na sa virtual a gaban aikin template, kwamfaila ta ƙi karɓa. Ina na yi kuskure?" Kwamfaila ita ce manhajar da ke fassara abin da aka rubuta zuwa harshen na'ura. Rubutunsa lafiya lau yake. Dokar harshen rubuta manhaja na C++ ce ta hana, tana nan a ƙa'idar harshen tun 1998.

Aikin virtual shi ne wanda ba a sanin wanne za a kira sai manhaja na gudana. Kwamfaila kan yi wa kowane aji (class, rukunin bayanai da ayyukansu) mai aikin virtual teburi, ana ce masa vtable, ta jera adireshin ayyukan a gurabe masu lamba. Shi kuwa template zubi ne kawai, ba ya zama aiki sai an kira shi da wani nau'i: int (lamba) ya samu nasa, string (rubutu) ya samu nasa.

Ɗauki shagon tela a Agege. An kafa ƙusoshi goma a bango, yaron shago ya haddace su, ko an ɗauke wuta zai miƙa hannu ya ciro rigar da ke ta huɗu. Saurin vtable ke nan. To a ce kowane sabon awo sai an ba shi ƙusarsa, alhali masu ɗinkin ba su ma zo ba. Nawa za a kafa? Kwamfaila fayil ɗaya-ɗaya take bi, ba ta ganin wanda zai kira aikin daga wani fayil, balle laburaren (tarin ayyukan da wasu suka rubuta) da za a loda baɗi.

Wasu harsunan sun yarda, amma da tsada. Java, tun 2004, goge nau'in take yi ta bar aiki ɗaya, sai dai dole a naɗe int cikin ajin Integer. C#, tun 2005, tana riƙe nau'in ta haɗa aikin lokacin da ake gudana, kiran ya ɗan yi nauyi. Ita kuwa Rust, kamar C++, ba ta barin a kira irin wannan aiki ta hanyar dyn, kwatankwacin virtual a wurinta.

Ni dai ina ganin Bjarne Stroustrup, wanda ya ƙirƙiro C++, ya yi daidai, don tsarinsa shi ne kada a ɗora wa mutum nauyin abin da bai yi amfani da shi ba.

Na tambayi ƙanen nawa nau'i nawa yake bukata. Ya ce uku. Na ce ya zuba su cikin std::variant na C++17, mazubin da ke riƙe ɗaya daga cikin nau'ukan da aka lissafa masa, ya bar virtual ɗin ya karɓi variant ɗin kaɗai.