Tairosin haidroksiles: yadda ƙwaƙwalwa ke daidaita aikin enzayim

Tairosin haidroksiles, wanda ake taƙaitawa TH, enzayim ne, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, da ke cikin ƙwayoyin jijiya masu samar da dofamin da noradirenalin, sinadaran da jijiyoyi ke aika saƙo da su. Nagatsu da Levitt da Udenfriend ne suka fara bayyana shi a 1964. Aikinsa shi ne juya tairosin, ɗaya daga cikin tubalan furotin, ya zama L-DOPA, wanda daga shi ake samar da dofamin. Wannan mataki shi ne mafi jinkiri a jerin, don haka yawan dofamin da ƙwaƙwalwa ke samu ya rataya a kansa. Ba ya aiki sai da oksijin, da sinadarin ƙarfe a tsakiyarsa, da wani mataimaki da ake kira BH4.

Birkinsa na farko daga dofamin ɗin kansa yake fitowa. Idan ya taru, sai ya manne da ƙarfen enzayim ɗin, ya tare wa BH4 wuri, aiki ya lafa. Da zarar jijiya ta ɗauki aika saƙo, enzayim PKA kan liƙa sinadarin fosfet a kan serin na 40, wato tubali na 40 a jikin TH, dofamin ya sake shi, aiki ya tashi cikin mintuna. Cikin wasu enzayim ɗin, CaMKII na liƙa nasa a serin na 19, ERK a na 31, amma na 40 ne ya fi tasiri. Enzayim PP2A ke cire fosfet ɗin. Idan buƙata ta daɗe, kamar lokacin doguwar damuwa, ƙwayar kan ƙara kwafo ƙwayar halittar TH da ke kan kuromosom na 11, ta ƙera sabon enzayim. Wannan kuwa sai an yi awanni ko kwanaki.

A ƙwaƙwalwa mai tasowa kuskure kaɗan yakan fito fili. Jaririn da aka haifa da naƙasasshen TH jikinsa kan yi laƙwas, motsinsa ya yi ƙaranci tun yana ƙarami. A cutar Segawa kuma, TH lafiyarsa ƙalau, BH4 ne ke ƙaranci saboda tawayar ƙwayar halittar GCH1, wadda ake buƙata wajen ƙera shi. Yaro kan tashi garau da safe, yamma na yi ƙafa ta murɗe, tafiya ta gagara. Sau da yawa akan ɗauka shanyewar ƙwaƙwalwa ce, alhali ƙaramin awo na levodopa, wato L-DOPA da ake bayarwa a matsayin magani, yana kawar da alamun.

A manya, cutar Parkinson daban take: ƙwayoyin da ke ɗauke da TH ne ke mutuwa, shi ya sa ake ba da levodopa a tsallake matakin TH gaba ɗaya.