Me ya sa famasi ke cewa sai da takardar likita kafin a ba ki maganin sanyi?

Ƙanwata ce ta dawo daga wani famasi a Sabon Gari ranta a ɓace, wai ta je sayen Cipro saboda zafin fitsari, mutumin ya ce sai ta kawo takardar likita, ita kuma ta ce ai kemis ɗin layinsu ko yaro ta aika ana ba shi. Na ce mata 'yar uwa, wanda ya hana ki shi ne a kan doka, na layinku ne ya kauce.

A Najeriya magani kashi biyu ne, akwai wanda kowa zai shiga ya saya kamar farasitamol, akwai kuma wanda sai likita ya rubuta, shi ne wani lokaci za ki ga an buga POM a jikin kwali, kuma antibayotik irin su Cipro da Augmentin da alluran nan da ake yi wa mata don sanyi duk a nan suke. NAFDAC ce ke rajistar magani, shaguna kuwa hukumar kula da harkar famasi, wato PCN, ce ke ba su lasisi, kuma a 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokarta wadda ta ƙara mata ƙarfin rufe shago da gurfanar da mai shi. Kemis na unguwa lasisinsa daban da na famasi, an ba shi jerin abin da zai sayar ne kawai, ba a yarda ya yi allura ba balle ya haɗa miki kala huɗu a leda ya ce safe da yamma. Ko famasin ma takarda doka ta ce ya gani.

To me ya kawo tsaurin? Wannan sai da na riƙe rizal ɗin ita ƙanwar tawa a hannu na gane, bayan an matsa mata ta je asibiti. Yawancin ciwon mafitsara na mata wata ƙwayar cuta ce mai suna E. coli ke kawo shi, a hanji take zaune, kuma hanyar fitsarin mace gajera ce, ba ta wuce santimita 4 ba, shi ya sa mu ya fi damu. A ɗakin gwaji sai su shuka fitsarin a ɗan faranti, ƙwayar ta tsiro, su ɗora wasu 'yan takardu ƙanana zagayayyu kowacce da maganinta, wanda ya share fili a kewayensa shi ke aiki sai a rubuta S, wanda ƙwayar ta tsiro har jikinsa ko a kwalarta sai a rubuta R. Takardar ƙanwata wallahi R ne jere, Septrin R, amfisilin R, Cipro ɗin da take fushi a kansa shi ma R. Nitrofurantoin, wanda ba ta taɓa jin sunansa ba, shi ne S. Wato da an sayar mata, kuɗi ta zubar kuma ta ƙara wa ƙwayar horo, don duk shan da aka yi barkatai ko aka yanke a kwana biyu saboda an ji sauƙi, raunanan ne ke mutuwa masu taurin kai su hayayyafa.

Na san abin da za a ce, kati da layi da kuɗin gwaji, ga rizal sai bayan kwana 2 zuwa 3, kuma gaskiya ne, ni ma ina ganin doka ta yi gaba ta bar aljihun talaka a baya. Amma likita kan fara ba da wani magani kafin rizal ya fito in abin ya matsa, daga baya ya canja in ya ga R. Ana yin gwajin a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya da ɗakunan gwaji masu zaman kansu cikin gari, ki dai ba da fitsarin kafin ki fara shan komai, na tsakiya ba na farkon zuba ba, a robar da suka ba ki, ki kai da wuri.

Sannan ba duk abin da muke kira sanyi ne ciwon mafitsara ba, ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri sau da yawa wani abu ne daban da antibayotik ke ƙara tsananta shi. Mai ciki kuwa kar ta kuskura ta sha Cipro ko kafson nan ja da yalo da kanta, in kuma ga zazzaɓi da ciwon kwiɓi to wataƙila ya kai ƙoda, asibiti za a nufa a ranar.