Waiwaye: Dolly Parton da waƙar da ta hana Elvis

Duk wanda ya yi wayo a zamanin da kaset ke tashe, da wuya a ce muryar Dolly Parton ba ta taɓa ratsa kunnensa ba. Ko a rediyo da dare, ko a shagon mai sayar da kaset, ko a motar haya mai dogon zango, tare ake sa ta da su Don Williams da Kenny Rogers da Jim Reeves. Kiɗan kantiri ke nan, waƙar manoma da leburorin karkarar kudancin ƙasar Amurka, wadda ta samu gindin zama a Najeriya. Da yawanmu ba mu san cewa matar nan da hannunta take rubuta yawancin waƙoƙinta ba, sun kuma haura 3,000. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinta shi ne yadda ta riƙe haƙƙin mallakar waɗannan waƙoƙi gam, a lokacin da manyan mawaƙa ke sayar da nasu a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

An haife ta ranar 19 ga Janairun 1946 a cikin duwatsun gundumar Sevier ta jihar Tennessee, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12. Gidan katako ne mai ɗaki guda, ba lantarki, ba famfo. Mahaifinta Robert Lee Parton manomin taba ne, yana haɗawa da leburancin gini, kuma bai iya karatu da rubutu ba. Ranar da aka haife ta ba shi da kuɗin biyan likita, sai ya ba shi buhun garin masara. Waƙa kuwa ta wajen dangin uwa ta gado. Kakanta Jake Owens mai wa'azi ne a coci, a nan ta fara buɗe murya, wani kawunta kuma shi ya ba ta jita ta gaske tana shekara 8. Tana shekara 10 ta fara fitowa a shirin Cas Walker na rediyo da talabijin a birnin Knoxville, tana 13 ta hau dandalin Grand Ole Opry na Nashville, fadar masu wannan kiɗa.

Akwai labari guda daga yarintarta da ya cancanci a tsaya a kansa. Sanyi ya kama, ba ta da rigar sanyi. Aka kawo wa gidan kwalin tsummoki, mahaifiyarta Avie Lee ta zauna ta zaɓi ƙyallaye kala-kala ta harhaɗa da zare da allura, tana ɗinki tana ba ta labarin Yusuf da rigarsa kamar yadda Kiristoci ke karanta shi a littafinsu. Yarinya ta saka riga ta tafi makaranta tana taƙama. Yara suka yi mata ca, suna dariya suna nuna ta. Ta girma da wannan tabo, har wata rana a motar yawon wasa baitoci suka zo mata, ba takarda a kusa, ta ɗauki rasit ɗin shagon wanki da guga ta rubuta a bayansa. Ita ce “Coat of Many Colors” ta 1971, wadda ta sha faɗa cewa ta fi ƙaunarta cikin duk waƙoƙinta. Duk wanda ya taɓa zuwa makaranta da takalmi mai faci ya san abin da take faɗa, ko da bai jin Turanci.

Washegarin gama sakandare a 1964 ta hau bas zuwa Nashville. A ranar farko, a ƙofar wani shagon wankin kaya, ta haɗu da Carl Dean, wanda ta aura a 1966. Mutum ne mai gudun kyamara, ya zauna a gefe kusan shekara 59 har rasuwarsa a Maris ɗin 2025.

Ba da muryarta ta fara cin abinci a Nashville ba, da alƙalaminta ne. Ita da kawunta Bill Owens suna rubutawa, wasu na rerawa. A nan ta fahimci yadda kasuwar take. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta: na faifan da aka ɗauka, wanda yawanci kamfani ke riƙewa, da na baiti da karin waƙar, wanda shi ne uwa. Duk wanda ya sake rera waƙar, ko ya sa ta a rediyo ko a fim, sai ya biya mai haƙƙi na biyu. Tun tana 'yar shekara ashirin da kaɗan ita da kawunta suka kafa kamfaninsu na riƙe waƙoƙi, Owe-Par. Yarinyar ƙauye ce da ake yi wa kallon kwalliya da tulin gashi kawai, amma ta riga masu kwat da yawa gano inda arzikin yake.

A 1967 Porter Wagoner, mai shahararren shirin talabijin na kantiri, ya ɗauke ta ta maye gurbin wata mawaƙiya, Norma Jean. Farkon zuwanta masu kallo sun ƙi ta, tana kan dandali suna kiran sunan waccan. Porter ya tsaya mata, ya kai ta kamfanin faifai na RCA, suka riƙa waƙa tare har ta karɓu. Ta yi niyyar shekara biyar, ta yi bakwai. A hankali tauraronta ya fara danne nasa, musamman bayan “Jolene” ta 1973, shi kuma ba ya son jin zancen rabuwa. Kullum aka tayar da maganar sai faɗa. Da ta ga baki ya kasa, sai ta koma gida ta rubuta masa sallama, washegari ta shiga ofishinsa ta rera masa. Ta ce kuka ya yi, ya amince ta tafi bisa sharaɗin shi zai shirya faifan. Wannan ce “I Will Always Love You”. Mutane na ɗaukarta waƙar masoya, alhali ban-kwana ce tsakanin yarinya da ubangidanta na sana'a. Ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri a 1974. Rabuwar dai ba ta zo da daɗi ba, domin a 1979 Porter ya maka ta kotu yana neman dala miliyan 3, aka sasanta a wajen kotu. Daga baya sun shirya, tana kuma gefen gadonsa a ranar da ya rasu a Oktoban 2007.

Jim kaɗan bayan fitar waƙar ne aka aiko mata cewa Elvis Presley, sarkin mawaƙan zamanin, yana son ya rera ta. Murna ta kama ta, ta gaya wa kowa. Ana gab da shiga ɗakin ɗaukar sauti sai manajansa, Kanar Tom Parker, ya kira ta: Elvis ba ya rera waƙar kowa sai an ba su rabin haƙƙin mallaka. Haka al'adarsu take, kuma marubuta da yawa sun sha miƙa wuya, don ko rabi ne daga bakin Elvis kuɗi ne mai yawa. Dolly ta ƙeƙasa ƙasa ta ce a'a, wannan abin da za ta bar wa danginta ne. Ta ce kwana ta yi tana kuka. Na kusa da ita sun ga wautarta.

Shekara 18 bayan fitowar waƙar, a 1992, Whitney Houston ta rera ta a fim ɗin The Bodyguard. Dolly na tuƙi ta ji ta a rediyon mota, sai da ta gangara gefen titi ta tsaya. Waƙar ta yi mako 14 a saman jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka na mujallar Billboard, ta zagaye duniya, har mu a nan da yawa muka ɗauka ta Whitney ce. Kason marubuci gaba ɗayansa ya tafi hannun Dolly, miliyoyin daloli. Ta ce da wani ɓangare na kuɗin ta sayi rukunin ofisoshi a wata unguwar baƙar fata a Nashville don tunawa da Whitney. Ina karanta wannan ina tuna mawaƙanmu na Hausa, waɗanda ake tura waƙoƙinsu a waya a kowane lungu, ana samun na cefane da su, mai waƙar kuwa ko sisi bai gani ba.

Sauran nasarorin sun biyo a jere: fim ɗin 9 to 5 a 1980, wanda ta samo amon waƙarsa ta hanyar goga dogayen faratanta da juna, wurin shaƙatawa na Dollywood a 1986 wanda ya zama babbar hanyar samun aiki a gundumarsu, har da waƙa tare da ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo ta Afirka ta Kudu a 1996. Da gobarar daji ta cinye gidaje a yankin a 2016, gidauniyarta ta riƙa bai wa iyalai kusan 900 dala 1,000 kowane wata. A 2020 ta ba cibiyar lafiya ta Jami'ar Vanderbilt dala miliyan 1, kuɗin da ya taimaka wa binciken rigakafin korona na Moderna.

Amma aikin da ya fi zama a ranta ya samo asali ne daga mahaifinta. Ta sha faɗa cewa ba ta taɓa ganin mai basira kamarsa ba, sai dai rashin karatu ya daƙushe shi, yana kuma jin kunyar abin. A 1995 ta kafa shirin Imagination Library a gundumar Sevier: kowane yaro da aka yi wa rajista, ana aiko masa littafi kyauta ta gidan waya duk wata, da sunansa a jiki, daga haihuwa har ya cika shekara 5. Shirin ya bazu zuwa Kanada da Birtaniya da Ostireliya da Ayalan, littattafan da aka raba sun wuce miliyan 200. Ta jawo mahaifin nata cikin aikin tun daga farko, ya kuma gan shi yana tafiya kafin rasuwarsa a 2000. Dolly ta ce duk kyaututtukan da ta tara ba su burge tsohon ba kamar jin yara suna kiran 'yarsa matar littattafai.