Sitiyari da Tankin Mai a Tsohon Jirgin Ruwa Mai Filafilai: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa ake haɗa maganar sitiyari da ta mai, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne?

Domin rana ɗaya suke ba da kunya. Idan teku ta yi kwance, waya mai tsatsa tana juya jirgi lafiya, dattin tanki kuma yana kwance a ƙasa. Da iska ta taso, raƙuman ruwa za su riƙa dukan allon tuƙi, wato faffaɗan allon nan da ke ƙarƙashin bayan jirgi, su kuma girgiza tanki har dagwalon shekaru ya tashi ya toshe filta. Dukkansu a ɓoye suke, ƙarƙashin dandamali, inda ido ba ya kaiwa sai an yi niyya. Duk wanda ya sayi jirgi mai shekara talatin, da waɗannan biyun ya kamata ya fara, kafin fenti da kujeru.

Yaya sitiyarin yake aiki, kuma ina yake fara lalacewa?

A mafi yawan waɗannan jiragen, sitiyari yana juya ƙaramar giya mai haƙora a cikin ginshiƙinsa. Sarƙa tana kan giyar, kowane bakinta haɗe da wayar ƙarfe. Wayoyin suna sauka su bi ta kan fuli, wato ƙananan ƙafafu masu kwari da ke juyawa, su naɗe a jikin faifan da aka ɗaure a sandar allon tuƙi. Wayar da ake sa wa ita ce mai laushi, ta ƙarfe marar tsatsa, mai saƙar 7x19, kaurinta milimita 5 ko 6 gwargwadon girman jirgi. Mai saƙar 1x19 da ke riƙe da dogon sandan filafilai ba ta dace ba, don ba ta jure lanƙwasa.

Waya tana fara tsinkewa a inda take yawan lanƙwasa, kan fuli da bakin faifai. Ka ɗiga baƙin mai a tsumma ko takarda mai laushi, ka shafa tsawonta a hankali. Idan tsumman ya maƙale, zare ya tsinke ke nan, kuma zare ɗaya ya isa a sauya wayar gaba ɗaya. Kada ka gwada da hannu tsirara, zaren yana yanka. Sarƙa ta fi waya yaudara: tana iya yin sheƙi a waje alhali ta cinye a cikin gaɓoɓinta, inda ruwan gishiri ke maƙalewa babu iska. Shi ya sa ake sauya sarƙa da waya tare, bayan shekara bakwai zuwa goma, ko da ba a ga aibi ba. Sarƙar kuma dole ta zama wadda maganaɗisu ba ya kamawa, domin kamfas yana zaune a kanta daidai. Sarƙar babur za ta hau giyar, amma za ta karkatar da kamfas.

Wane irin ɗauri ya dace da wayar?

A ɗaure allon tuƙi a tsakiya, mutum ɗaya ya matsa sitiyari da ƙarfi zuwa gefe guda, wani ya shiga ƙasa da tocila ya kalli wayar da ta saki. Kada ta yi sako-sako har ta iya fita daga kwarin fuli ko na faifai. Ana ƙara mata ƙarfi da notocin da ke jikin faifan, kaɗan-kaɗan, ɓangarorin biyu daidai wa daida, don sitiyari ya tsaya a tsakiya. Idan aka wuce kima, sitiyari zai yi nauyi, fuli ya cinye da wuri. A ƙarshen waya a sa maɗauri aƙalla biyu, kuma lanƙwasasshen ƙarfen maɗaurin ya hau kan guntun jelar, shimfiɗaɗɗen ɓangaren ya hau kan wayar da ke ɗauke da nauyi. In aka juya shi, zai murƙushe wayar. Sabuwar waya tana miƙewa, a sake duba ta bayan 'yan fitowa na farko.

Sitiyari yana wasa ko da an ɗaure waya. Mene ne dalili?

To a nemi matsalar a allon tuƙi. Idan an fitar da jirgi tudu, a kama ƙasan allon a girgiza gefe da gefe. Motsi mai ƙara alama ce boris ya ci. Sai a ɗaure sitiyari a gwada murɗa allon: in ya juya sandarsa ba ta juya ba, ƙarafan da aka yi wa walda a cikinsa sun rabu da sandar, kuma wannan ba gyaran faci ba ne, sai an buɗe allon ko an yi sabo. Ruwa mai launin tsatsa da ke ɗiga daga ƙasansa shi ne gargaɗin farko. A kuma ɗauko sandar tuƙi ta gaggawa, wadda ake tuƙi da ita in sitiyari ya lalace, a saka ta a gwada a kan ruwa. Sau da yawa murfin raminta ya kafe, ko sitiyari ya tare mata hanya.

Daga ina dattin tankin dizal yake zuwa?

Daga ruwa. Yana shiga ta murfin zuba mai idan zoben robarsa ya tsage, ko ta bututun shaƙar iska, ko ya taru daga raɓa a bangon tanki. Ruwa ya fi dizal nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, kuma a tsakaninsa da man ne ƙananan halittu ke hayayyafa su bar baƙin dagwalo mai yauƙi. Maganin kashe su yana aiki, amma gawarsu tana nan, ita ma tana toshe filta. Gyara na gaskiya shi ne a zuƙe man, a buɗe ƙofar dubawa, a goge ciki da hannu. Tankuna da yawa suna da shinge a ciki, don haka kowane sashe yana bukatar ƙofarsa. A zaro bututun da ke zuƙo mai a duba bakinsa. Wasu suna da 'yar raga a can, wadda ke toshewa a inda ba a iya kaiwa a tsakiyar teku. Cire ta ya fi, a bar wa filta aikin.

Yaushe ake haƙura da tankin a sauya shi?

Idan ya fara tsatsafo ta ƙasa. Tankin alminiyam yana hudewa ne a inda ya zauna kan jiƙaƙƙen katako ko soso, ko inda ruwa ya daɗe a cikinsa. Ana gwada shi da iska mai matsi kaɗan, kamar psi 3 a ma'aunin matsin iska, a shafa ruwan sabulu a haɗe-haɗensa. Fiye da haka yana iya kumbura shi. Sabon a ɗora shi yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinsa. Tankin da aka shafe cikinsa da zinki bai dace da dizal ba.

Wane ƙari ne ya cancanci kuɗinsa?

Filta biyu gefe da gefe da makunnin sauyawa, kowace da kwanon raba ruwa, irin na kamfanin Racor. In ɗaya ta toshe, a juya hannu zuwa ɗayar inji yana ci. Waɗannan biyun su zama masu maikron 10 ko 30 (ma'aunin ƙanƙantar dattin da filta ke tarewa), ta jikin inji ita ce mai tace ƙanana. A ƙara agogon da ke nuna wahalar zuƙo mai, shi zai faɗi lokacin sauya filta tun inji bai fara shaƙewa ba. Tsofaffin tiyo a maye su da masu jure wuta, masu hatimin ISO 7840 A1. Farin tef na masu aikin famfo kada ya kusanci haɗin mai, gutsurensa yana tafiya har cikin famfon inji.

Inji ya ƙi tashi bayan sauya filta. Yaya za a yi?

Iska ce ta shiga layi. A sassauta notin fitar da iska na kan filtar inji, a riƙa danna hannun ƙaramin famfon mai har man ya fito babu kumfa, sannan a ɗaure. Idan hannun famfon ya yi sakayau ba ya turo komai, a ɗan juya injin, ya tsaya ne a inda famfon ba ya cika. In bai tashi ba, a sassauta notocin bututun nozul, a buga sitata har mai ya tsarto, a ɗaure. Hannu ya yi nesa da wurin, matsin yana iya huda fata. Idan bugun sitata zai daɗe, a rufe makunnin ruwan teku da ke sanyaya inji, in ba haka ba ruwa zai cika salansa ya koma cikin inji, kuma a buɗe shi nan take da injin ya kama. Zoben jan ƙarfe na ƙarƙashin noti (washa) da aka kwance a sa sabo, tsohon yana barin iska ta sake shiga ba tare da ɗigon mai ya nuna ba.