Abincin Yaro In Ya Narke, Ba Ya Komawa Firiza

Iyaye mata, sannunku da hidimar yara. Yau da ƙorafi na zo, ku yi haƙuri in na ɗaga murya.

Da wuya ranar awo ta wuce a asibitinmu nan Jos ban ga yaro ɗan wata bakwai ko takwas da gudawa da amai ba, ido ya zurma, maɗiga ta lotsa. Ina tambaya sai a ce, "Sista, ai haƙori ne." Haƙori bawan Allah, komai shi ake ɗora wa. Sai na ce to, me yake ci? A nan asiri ke tonuwa.

Wata ƙanwata a nan gari, ma'aikaciya ce, mai tsafta ta gaske. Ranar Lahadi ta je Farin Gada ta sayo dankalin Turawa da karas da kabewa, ta dafa da kifi, ta markaɗa, ta cika babbar roba guda ta sa a firiza don ya kai ta mako. Litinin aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai Talata da dare. Abinci ya narke, ya sake daskarewa. Laraba ta fito da robar ta ajiye a kicin ta saki, ta ɗebi na yaro, ta mayar da saura. Alhamis ma haka. Jumma'a ga ta a gabana da yaro a kafaɗa, tana cewa, "Wallahi Sista na shinshina, bai yi tsami ba."

Hanci ba ya gane wannan. Firiza ba ta kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai take sa su. Abinci na narkewa su farka su ci gaba da hayayyafa, ke kuma ki mayar ki adana su da yawansu. Cikin babba wataƙila ya shanye, amma na yaron da jiya-jiya ya fara shan kunu fa? Don Allah, don Annabi, abin da ya narke kada ya koma firiza. Ko rabin narkewa ya yi a kan teburinki, kada ya koma.

Sai masu cewa ai Jos akwai sanyi. Sanyin da ke sa mu rigar sanyi biyu daban, na firji daban. Firji ana so ya tsaya digiri 5 ko ƙasa, firiza kuma 18 ƙasa da sifiri. Kicin ɗinki da rana tsaka bai kusanci nan ba ko a watan Disamba. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje. Kunun da aka dama da asuba aka ɗura a filas ana ta ba yaro har la'asar ma yana cikin wannan faɗan.

Ni ma uwa ce, na san kuɗin kifi da na gas, na san zubar da abinci da ciwo. Shi ya sa nake cewa a bar babbar robar nan:

- Ki raba ƙanana-ƙanana, kowace roba cin sau ɗaya, mai murfi, ki rubuta ranar girki a jiki.
- A firji kwana 1 zuwa 2, mai shinkafa kwana 1. A firiza ni dai ban yarda ya wuce wata guda ba.
- Ki narkar a firji ko kai tsaye a tukunya, ki dumama har ya yi tururi ciki da waje, ki juya, ya huce. Sau ɗaya tak.
- Ragowar da cokalin yaro ya shiga, yawu ya taɓa, ba a ajiye ta.
- In an ɗauke wuta a daina buɗe-buɗe. Firji na riƙe sanyi kamar awa 4, firiza a cike kwana 2, rabi kuwa kwana 1. Kika tarar ya zama ruwa, zubarwa ce.

Gaskiya ma, in wuta ba ta zama a unguwarku, ki fita batun firiza. Ki soya gero ko tamba da waken suya da gyaɗa, a niƙa, ki ajiye garin a busasshiyar roba mai murfi, ki riƙa dama daidai cikinsa duk lokacin da zai sha. Acca ma ga ta nan, ba ta da wuyar dahuwa. Kuma ki gaya wa mai raino da kakarsa, domin sau da yawa kin tafi aiki su ke mayar da ragowa, wai kada a yi almubazzaranci.

Nono dai a ci gaba da shi har shekara 2, abinci kuma daga wata 6. Yaro ya fara gudawa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na ORS, a ba shi maganin zinc na kwana 10 zuwa 14. In yana amar da komai, ko ya ƙi kama nono, ko kin ga jini a kashinsa, ki ɗauko shi ki zo ko da tsakar dare ne, kada ki tsaya jiran haƙori ya fito.