Ma'anar “fankar waje” a na'urar famfon zafi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da akwatin esi da ake kafawa a bayan ɗaki ya san iskar zafin da fankarsa ke hurowa. Ita ake kira fankar waje, kuma irinta ce ke jikin na'urar da ake kira famfon zafi, wadda ta zama ruwan dare a gidajen Norway da Suwidin da Finland, inda ruwa kan yi watanni a daskare. Sunan famfo ya dace da na'urar, domin ba ta kunna zafi kamar murhu ko hita, ɗebo shi take yi daga wani wuri ta kai wani, kamar yadda famfo ke jawo ruwa daga rijiya. Tun a shekarar 1852 masanin kimiyyar nan na Birtaniya, Lord Kelvin, ya bayyana wannan dabara. Abin da ya bambanta ta da esin da muka sani shi ne wani bawul da ke juya tafiyar gas ɗin da ke zagayawa a cikinta yana ɗaukar zafi, ta yadda za ta sanyaya ɗaki da bazara, ta kuma ɗumama shi da hunturu.

A cikin akwatin wajen akwai kwamfiresa, da naɗaɗɗen bututun tagulla mai siraran faifan alminiyam, sai fankar kanta. Da hunturu gas ɗin da ke cikin bututun ya fi iskar waje sanyi, saboda haka yana zuƙar ɗan zafin da ke cikinta ko da ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da sifiri, sannan kwamfiresa ta matse shi ya yi zafi sosai kafin ya shiga gida. Amma iskar da aka tatse zafinta ba ta da sauran amfani, dole a kore ta a jawo sabuwa, kuma wannan shi ne aikin fankar. Idan tana juyawa yadda ya kamata, na'urar kan ba da zafin da ya kai kusan ninki uku na wutar da ta sha. Idan ta raunana, kwamfiresa ce ke ɗaukar wahalar, alhali ita ce mafi tsada a duk kayan na'urar.

Wurin da masu gida suka fi ruɗewa shi ne tsayawar fankar. A ranakun sanyi mai laima, raɓa kan daskare a jikin bututun har ta toshe hanyar iska, sai na'urar ta juya tafiyar gas na 'yan mintoci, ta tura zafi waje domin ta narkar da ƙanƙarar, kuma da gangan take kashe fankar a lokacin don kada iska ta kwashe zafin. Mai gida zai ga tururi na tashi, ruwa na ɗiga, fanka a tsaye, ya ɗauka wani abu ya ƙone, alhali lafiya lau. Tsayawar da ke da haɗari ita ce wadda ake jin motar fankar tana gurnani amma fuka-fukan ba sa motsi, ko ƙanƙara ta lulluɓe akwatin tsawon sa'o'i ba ta narke ba. Sau da yawa kafasito ne ya mutu, wato ɗan gwangwanin da ke ba motar ƙarfin tashi. A ganina nan ne ya kamata mai gida ya kashe na'urar ya kira mai gyara, domin kafasito yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an cire lantarki, kuma yana iya jan mutum.

Abin da mai gida zai iya yi da hannunsa ba shi da wuya. Ya fara katse wuta daga babban makunni, ya kwashe ganyaye da leda da duk abin da ya maƙale a ragar, ya bar fili kamar santimita 60 a kewaye ko gwargwadon abin da littafin kamfanin ya ce, ya kuma tabbatar akwatin yana zaune daidai a kan dandamalin da ya ɗaga shi sama da dusar ƙanƙara. Ƙarar gogar ƙarfe ko jijjiga alama ce ta lanƙwasar fiffike ko cinyewar boris, wato ƙarfen da sandar motar ke juyawa a cikinsa.

Mu da ke Kano ko Damagaram ba mu da ƙanƙara, amma ƙurar hunturu tana yi wa akwatin esi irin wannan toshewar. Maganinta shi ne a wanke bututun da tiyo mai sassauƙan ruwa kafin zafin watan Maris ya kankama, ba da injin wankin mota ba, domin ƙarfin ruwansa yana kwantar da siraran faifan ya rufe hanyar da fankar ke jawo iska.